Kafin Ka Biya Kuɗin Maganin Sanƙo

Tallan maganin gashi ya sake salo. A da, mai talla cewa yake haɗin nasa gadon kaka da kakanni ne. Yanzu kuwa a TikTok da WhatsApp sai ka ji ana cewa wannan allura tana gyara ƙwayoyin gado, wancan man yana farkar da ƙwayoyin halittar da suka mutu, sanƙon shekara ashirin zai cike a wata guda. Maganar gaskiya, har yau babu wata hukumar kula da magunguna, a Amurka ko Turai ko Najeriya, da ta amince da gyaran ƙwayoyin gado a matsayin maganin sanƙo. Duk wanda ya ce yana sayar da shi, aljihunka yake hari. Amma binciken da 'yan tallan ke fakewa da shi na gaske ne, kuma ya haifar da magunguna masu aiki da likitoci ke rubutawa kullum. Idan ka fahimci yadda gashi ke karɓar umarnin tsirowa da na tsayawa, da kanka za ka tantance aya da tsakuwa.

Wa ke ba gashi umarni?

Kan mutum yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000, kowanne da ɗan ramin da yake fitowa a cikin fata. Wannan rami shi ne saiwar gashi, kuma nan rai yake. Silin da muke tajewa matacce ne, shi ya sa aski ba ya zafi, shi ya sa kuma yawan aski bai taɓa ƙara wa kowa yawan gashi ba.

Kowace saiwa zagaye take yi. Tana tsirar da gashi shekara 2 zuwa 6, kusan santimita ɗaya a wata. Sai ta janye jiki na sati biyu zuwa uku, ta huta wajen wata uku, tsohon sili ya faɗi, sabo ya taso. A lafiyayyen kai, kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na saiwoyin suna kan tsiro, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Macen da kitsonta ya yi sati biyu, ta zo tsifa ta ga dunƙulen gashi a mataji, kada hankalinta ya tashi: gashin da ya riga ya saki tun kwanaki ne, kitso ya riƙe shi.

A can gindin saiwar akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da ke ba da umarni. Sama da shi kaɗan, a jikin ramin, akwai ƙwayoyin asali, waɗanda ke kwance suna jiran a kira su su ƙera sabon sili. Wani likitan fata na Jami'ar Pennsylvania a Amurka, George Cotsarelis, shi da abokan aikinsa suka gano maɓoyarsu a 1990. Umarnin kuwa da sinadarai ake aika shi. Waɗanda ake kira Wnt da Shh suna cewa a tashi a tsiro. BMP yana cewa a kwanta. FGF5 shi ke cewa tsiron ya isa haka. Inda ƙwayar gadon da ke yin FGF5 ta samu tangarɗa, gashi ba ya jin kiran tsayawa da wuri. Wannan ne sirrin kyanwoyi masu dogon gashi, kuma a 2014 an samu irin haka a wasu iyalai a Pakistan masu gashin ido zara-zara fiye da kima.

A 2011 ayarin Cotsarelis suka gwada fatar kan maza masu sanƙo, inda ya goge da inda bai goge ba. Suka tarar yawan ƙwayoyin asali kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Suna nan da ransu a tsakiyar sanƙon, matakin farkawa ne ya gagara. A kan wannan aka gina duk binciken yau: idan saiwar tana raye, abin nema shi ne hanyar isar mata da saƙon da ya dace.

Me ya hana gyaran ƙwayoyin gado isowa?

An daɗe ana gwadawa. A 1995 Robert Hoffman da abokin aikinsa a San Diego suka nuna cewa ana iya shigar da ƙwayar gado cikin saiwar gashin ɓera. A 1999 ayarin Ronald Crystal na Jami'ar Cornell suka ɗora wa wata ƙwayar bairos ƙwayar gadon Shh, suka yi wa ɓeraye allura, gashi ya taso kafin lokacinsa. Kafin nan da shekara guda, a 1998, ɗakin binciken Elaine Fuchs a Jami'ar Chicago ya samar da ɓerayen da hanyar Wnt ke buɗe a fatarsu ba rufewa. Suka tsirar da sababbin saiwoyin gashi bayan sun girma, abin da ake ganin ba ya yiwuwa. Daga baya kuma ƙari ya riƙa fito musu a fata.

Babbar matsalar ke nan. Saƙon da ke cewa ƙwayoyin halitta su hayayyafa su yi gashi, shi ne idan ya ƙi tsayawa yake zama kansa. Hanyar Shh da ta wuce gona da iri ita ke haddasa nau'in kansar fata da ya fi kowanne yawa a duniya. Maganin wannan kansa mai suna vismodegib, da aka amince da shi a 2012, hanyar yake toshewa, kuma fiye da rabin masu shan sa gashinsu zubewa yake. Ka buɗe hanyar da yawa ka gayyato ƙari, ka rufe ta gashi ya tafi. Ƙwaya ko man shafawa kana iya dainawa idan ka ga alamar illa. Gyaran da aka yi wa ƙwayar gado kuwa da wuya a janye shi.

Matsala ta biyu, sanƙon gado ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo shi ba. Wani nazari da aka buga a 2017, a kan maza fiye da 52,000 a Birtaniya, ya ƙirga wurare 287 a cikin ƙwayoyin gado da ke da hannu a ciki. Wasu daga wajen uwa ake gadonsu, wasu daga wajen uba. Wanne za a gyara, wanne za a bari?

Ta uku ita ce haɗari da tsada. A 1999 wani matashi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya rasu a gwajin irin wannan magani a Amurka, tun daga nan hukumomi suka ƙara tsanantawa. Casgevy, maganin sikila na gyaran ƙwayoyin gado da aka amince da shi a ƙarshen 2023, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma sai an yi wa majinyaci ƙaƙƙarfan maganin da ke share ɓargonsa tukuna. Ana ɗaukar wannan kasada ne don ceton rai. Ko a fata ma, man Vyjuvek da aka amince da shi a Mayun 2023, wanda ke kai lafiyayyar ƙwayar gado cikin gyambo, an yi shi ne don yaran da ake haifa da fata mai saɓulewa da zarar an taɓa ta. Ya nuna cewa hanyar na iya buɗewa wata rana. Amma wanda ya ce maka yana da irinsa na sanƙo a kan naira dubu hamsin, kai ma ka san amsar.

Matakin farko: san irin zubewar da ke damunka

Yawancin kuɗin da ake asara a maganin gashi, ana kashe su ne a kan ciwon da ba a tantance ba. Ka samu haske mai kyau da madubi biyu, ko ka sa wani ya ɗauki hoton wurin da waya, a matso sosai. Abin dubawa shi ne: ana ganin 'yan ƙofofin gashi a fatar, ko da siraran gashi marasa launi? Ko kuwa fatar ta shafe sumul tana ƙyalli, babu ƙofa ko ɗaya? Na farko gona ce da fari ya kama, da an samu ruwa za ta yi tsiro. Na biyu gona ce da aka malale da siminti. Wannan tabo ne, saiwar ta mutu, kuma babu wani magani a duniya yau da ke dawo da ita.

Daga nan sai ka duba salon zubewar. Idan namiji ne, goshi yana ja da baya ta gefe biyu ko tsakar kai tana buɗewa a hankali cikin shekaru, sanƙon gado ne. A mace, shi ne tsagar tsakiyar kai ke ƙara faɗi. Idan wuri ne zagayayye mai faɗin kwabo ya goge tas cikin 'yan kwanaki, a kai ko a gemu, ba ƙaiƙayi ba ɓawo, garkuwar jiki ce ta far wa saiwar. Idan gashi ne ke zuba ta ko'ina wata biyu zuwa uku bayan haihuwa, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, taifot, tiyata ko babban tashin hankali, saiwoyi ne da yawa suka shiga hutu tare. Idan gefen goshi da saman kunne ne ke cinyewa ga mai yawan kitso, ja ne ya jawo. Idan kuma yaro ne da tabo mai fari-fari da karyayyen gashi, makero ne.

Biyu daga ciki maganinsu a bayyane yake. Zubewar bayan jego ko zazzaɓi takan tsaya da kanta cikin wata shida. Abin yi shi ne a ci abinci mai gina jiki, irin su ƙwai, wake, hanta, kifi da zogale, a auna jini a ga ko akwai ƙarancinsa, a duba sinadarin maƙoshi (thyroid) idan abin ya ƙi ƙarewa. Makero kuwa naman gwari ne da ya shiga cikin silin gashi, man shafawa kaɗai ba ya kai masa. Sai an sha magani irin griseofulvin na sati 6 zuwa 8 bisa umarnin likita, a raba wa yaron mataji da hula, a tabbata mai aski yana tsabtace kilifa.

Sanƙon gado: magunguna biyu da suka tabbata

A 1942 wani masani Ba'amurke, James Hamilton, ya lura cewa mazan da aka yi wa dandaƙa kafin balaga ba sa yin sanƙo, amma da aka ba su sinadarin maza na testosteron, waɗanda sanƙo ke danginsu sai ya kama su. A 1974 likita Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoton wasu iyalai a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika da aka haifa ba su da sinadarin da ke juya testosteron ya zama wani mai ƙarfi da ake kira DHT. Mazansu ba sa sanƙo. Aka gane cewa DHT ne ke isar da mummunan saƙo ga saiwoyin goshi da tsakar kai: kowane zagaye tsiron ya gajarce, silin ya sirance, har ya koma kamar babu.

Daga wannan bincike kamfanin Merck ya ƙera finasteride, aka amince da ƙwaya mai miligiram 1 don sanƙon maza a 1997. Tana rage DHT da wajen kashi biyu cikin uku. A gwajin farko, fiye da maza takwas cikin goma zubewar ta tsaya musu har shekara biyu. Ga sharuɗɗanta. Likita ne zai rubuta ta. Maza ƙasa da 4 cikin 100 a gwajin sun yi kukan raguwar sha'awa ko ƙarfin gaba, kuma akwai gargaɗi a kan baƙin ciki mai tsanani. Wanda ya ji haka ya daina ya koma wa likita. Mai neman haihuwa ya faɗa tun farko, domin takan rage maniyyi ga wasu. Mace mai ciki kada ta sha, kada ma ta taɓa fasasshiyar ƙwayar, tana iya illata al'aurar ɗan tayi namiji. Dattijon da ke gwajin jini na PSA (na duba prostate) ya sanar da likitansa, domin maganin yana rage sakamakon da kusan rabi.

Na biyu shi ne minoxidil. Asalinsa maganin hawan jini ne da aka amince da shi a 1979, sai aka ga masu shan sa gashi na fito musu har a kumatu da bayan hannu. A 1988 aka mayar da shi na shafawa. Yana farkar da saiwar da ke hutu, ya kuma tsawaita lokacin tsironta. Maza kan yi amfani da mai ƙarfin kashi 5, mililita ɗaya sau biyu a rana. Mata kuma mai kashi 2 sau biyu, ko mai kumfa na kashi 5 sau ɗaya.

A fatar kai ake ɗiga shi, ba a kan gashi ba, kuma kan ya zama a bushe. Yana son awa huɗu kafin ruwa ya taɓa wurin, don haka lokacin da ya fi dacewa da mai alwala shi ne bayan sallar Asuba da bayan Isha'i. A bari ya bushe kafin a sa hula ko a kwanta, a wanke hannu da sabulu. Cikin sati biyu zuwa takwas na farko zubewar kan ƙaru. A nan da yawa ke tsorata su jefar da kwalbar, alhali tsofaffin silin ne sababbi ke turowa waje. Kada a yanke hukunci kafin wata 4 zuwa 6. Wanda ya ji bugun zuciya, jiri ko kumburin ƙafa ya dakata ya ga likita. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi. A nisanta shi da yara: a Sifaniya a 2019, jarirai aƙalla 17 aka ba minoxidil bisa kuskure a maimakon maganin ƙwannafi, gashi ya rufe musu fuska da jiki. Samarin da ke shafa shi don gemu su sani ba don haka aka amince da shi ba, kuma yawan shafawa ba ya ƙara gashi, illa yake ƙarawa.

Abin da mai talla ba zai faɗa maka ba shi ne, magungunan nan biyu saƙon suke canzawa muddin kana amfani da su. Ka daina, cikin wata shida zuwa shekara kai ya koma inda zai kasance da ba ka fara ba. Don haka kafin ka sayi kwalbar farko, yi lissafin kuɗin shekara guda. Idan aljihu ba zai ɗauka ba, gara kada a fara. Sun kuma fi aiki ga wanda sanƙonsa ke farawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dashen gashi, wanda ake tururuwa zuwa Turkiyya dominsa, ya dogara ne da abin da Norman Orentreich ya nuna a 1959: saiwar ƙeya ba ta jin kiran DHT ko an mayar da ita goshi. Dashe ba ya ƙara yawan gashi, rarraba wanda ake da shi yake yi, kuma sauran na asali zai ci gaba da zubewa idan ba a shan magani. Mai fatar da tabo ke kumbura ya yi tudu, ko mai ƙurajen ƙeya, ya nemi shawarar likitan fata kafin ya sayi tikiti. Ya kuma tabbata likitan da zai yi aikin ya saba da gashinmu, wanda saiwarsa a lanƙwashe take a cikin fata.

Inda kimiyyar saƙo ta yi babban nasara

Wancan zagayayyen wuri da ke gogewa dare ɗaya, wanda wasu kan ce sammu ne, yana samun wajen mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa. Ƙanana sukan cike da kansu cikin shekara, ko da allurar da likitan fata ke yi a wurin. Wasu kuwa kai duka ke gogewa, har gira da gashin ido.

Angela Christiano ta Jami'ar Columbia, wadda ita ma ciwon ya taɓa kama ta, ta bi sawun ƙwayoyin gadonsa, a 2010 ta nuna cewa daga garkuwar jiki matsalar take. Aka gano cewa kiran da sojojin jiki ke yi wa juna su far wa saiwar gashi yana bi ta wani sinadari mai suna JAK, kuma akwai magungunan toshe shi da aka riga aka yi don wasu cututtuka. A 2014 likita Brett King na Jami'ar Yale ya ba wani matashi ɗan shekara 25, wanda ba shi da gashi ko'ina a jiki, ɗaya daga cikinsu. Cikin wata takwas kansa ya cika. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da baricitinib a Yunin 2022, ritlecitinib a 2023, deuruxolitinib a 2024. A gwajin baricitinib da aka yi da mutum 1,200, kusan ɗaya cikin uku na masu shan babban awo sun samu gashin da ya rufe kashi 80 cikin 100 na kai a sati 36.

Ka ga inda sanin ƙwayoyin gado ya yi rana ba tare da an taɓa su ba: shi ya nuna hanyar da za a tare. Sai dai magungunan nan suna raunana garkuwar jiki, suna da tsada, akwai gargaɗin gudan jini da kansa a kansu. A ƙasashenmu da tarin fuka da ciwon hanta nau'in B suka yawaita, wajibi ne a gwada duka biyun kafin a fara, domin suna iya tayar da wanda ke kwance. Kuma ba sa maganin sanƙon gado.

'Yan'uwa mata: inda jinkiri ya fi tsada

Wani nazari da likita Nonhlanhla Khumalo ta jagoranta a birnin Cape Town ya samu kusan mace ɗaya cikin uku da zubewar gefen goshi saboda ja, kuma haɗarin ya fi yawa idan an yi kitso a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Da farko saiwar tana raye. Shekaru na tafiya ana ja, sai ta koma tabo.

Alamun a fili suke. Idan an gama kitso kika kasa ɗaga gira, ko fatar ta ɗago a gindin kitson, ko 'yan ƙuraje suka fito a layin, ko sai kin sha maganin ciwon kai kafin ki yi barci, kitson ya yi tsauri. Ki ce, "Yaya, sassauta hannu," tun ana yi, in ya riga ya kammalu a tsefe. A bar ƙananan gashin gaban goshi ba sai an kamo su ba. A riƙa sauya salon kitso da inda yake fuskanta, a rage nauyin gashin doki, a ba kai hutu tsakanin kitso da kitso. Kada a haɗa rilaksa da kitso rana ɗaya, a bar sati biyu tsakani. Yara mata da ake dannewa suna kuka a kitson sallah, tun daga nan ɓarnar ke farawa.

Akwai kuma wani nau'in da ke farawa daga tsakar kai yana faɗaɗa, da ƙaiƙayi ko zafi, wanda ya fi kama mata baƙar fata. A 2019 masu bincike, ciki har da Farfesa Ncoza Dlova ta Durban, suka samu tangarɗa a ƙwayar gadon PADI3 a wajen kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka gwada. Idan mahaifiyarki ko yayarki tana da shi, ki sa ido. Wannan tabo yake bari, kuma aikin likita shi ne kashe kumburin don ceton saiwoyin da suka rage. Man kaɗanya, karkashi da cebe suna tausasa gashi su rage karyewa, tsayinsa ya tabbata. Wannan amfani ne na gaske, amma ba sa isa gindin saiwa su hana tabo.

Idan rage gashin ake so

Macen da gashi ke fito mata a haɓa ta fara neman dalili. Idan ya haɗu da rikicewar al'ada da ƙurajen fuska, a duba ƙwan mahaifa. Ƙwayoyin ƙiba na sha-ka-fashe da man bilicin mai sinadarin steroid su ma suna jawo shi. Akwai man eflornithine, da aka amince da shi a 2000, mai toshe sinadarin da saiwa ke buƙata don tsiro. Yana rage saurin fitowa cikin wata biyu, a daina ya dawo. Kafin nan maganin ciwon barci ne da ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka, aka daina yin sa a 1995 don ba ya kawo riba, sai da kasuwar kwalliya ta buɗe aka dawo da shi a 2001. Mai son cirewa da hasken leza ta tambayi irin na'urar: Nd:YAG ce ta dace da baƙar fata, wasu na ƙona ta.

Yadda za ka auna sabon labari da sabon talla

Bincike bai tsaya ba. Akwai PP405, man da ya samo asali daga aikin masana a Jami'ar California ta Los Angeles a 2017, mai neman farkar da ƙwayoyin asali kai tsaye, yana matakin gwaji a jikin mutane. Wani kamfanin Koriya ta Kudu, OliX, yana gwada hanyar rufe bakin ƙwayar gadon da ke karɓar saƙon DHT na ɗan lokaci. Amma SM04554, mai buɗe hanyar Wnt, ya kai matakin gwaji na ƙarshe kafin a ajiye shi, kuma wajen tara cikin goma na magungunan da ke shiga gwajin mutane ba sa kaiwa kanti.

Don haka idan ka ji labari, tambayi abu uku. A ɓera aka gwada ko a mutum? Ɓera ba ya sanƙon gado, kuma gashinsa kan dawo da kansa bayan aski. Mutum nawa, tsawon wane lokaci, kuma an kwatanta da waɗanda aka ba maganin wofi? Wace hukuma ta amince da shi?

Idan kuma kaya aka miƙo maka, nemi lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki. Haɗin da ba a rubuta sinadaransa ba, kada ya hau kanka. Hoton "kafin" da "bayan" ba hujja ba ne, haske da taje kai kaɗai na iya yin sa. Allurar da ake kira ekzosom, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta a Disambar 2019 bayan wasu sun kwanta ciwo a jihar Nebraska, ta ce babu irinta ko ɗaya da ta amince da ita. Ƙwayar biotin ba ta ƙara gashi ga wanda ba shi da ƙarancinta, tana kuma iya ɓata sakamakon gwajin zuciya da na maƙoshi, don haka mai shan ta ya faɗa kafin a ɗebi jininsa.

A wannan makon, ɗauki hoton kanka ta gaba, ta sama da ta gefe, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ka maimaita duk bayan wata uku. Idan akwai zafi, ƙaiƙayi, ƙuraje, ruwa, ko fatar ta fara shafewa tana ƙyalli, kada ka tsaya gwaje-gwajen kemis: nemi likitan fata a asibitin koyarwa mafi kusa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika, ka tafi da duk abin da kake shafawa ya gani. Idan kuwa sanƙon gado ne ya riga ya yi nisa, kuma ba ka son shan magani har illa masha Allah, ka aske shi tas ka ɗora hularka. Wannan ma zaɓi ne mai kyau, ba ya cutar da lafiya, kuma kuɗinsa bai wuce na mai aski ba.